Yadda muka ziyarci Ƙal'ar Salahuddin a Alƙahira, da abin da mai niyyar zuwa ya kamata ya sani

Duk wanda ya je Alƙahira daga ƙasar Hausa, ko jinya ce ta kai shi, ko karatu, ko saro kaya, da wuya ya dawo ba a tambaye shi ko ya ga dalar Giza da masallacin Azhar ba. Ƙal'ar Salahuddin kuwa, wato tsohon sansanin nan mai ganuwa da ke kan tudu, ba kasafai ake tambayarta ba, alhali daga kan wannan tudu aka mulki Masar kusan shekara 700. Waɗanda suka je ma, akasarinsu babban masallacin nan mai ƙubbobi da siraran hasumiyoyi suke shiga, su ɗauki hoto, su fito, su koma gida da zaton sun ga ginin Salahuddin. Ba nasa ba ne. Tsakanin rasuwar Salahuddin da aza harsashin wannan masallaci akwai fiye da shekara 600. Ainihin aikinsa yana can ƙuryar gabas, inda mutane kaɗan ne ke ƙarasawa, domin kafin su kai can ƙafa ta gaji, ko lokaci ya ƙure. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda tafiyarmu ta kasance daki-daki, don wanda zai je ya san ta inda zai shiga, abin da zai riƙe, da yadda zai raba lokacinsa.

Na je Masar a 2024 rakiyar kawuna asibiti. Da likita ya ba mu tazara kafin a koma duba sakamakon gwaji, Kawu ya ce zaman ɗaki ya ishe shi. Ɗansa yana karatu a Azhar, shi ne idonmu da bakinmu a garin, kuma shi ya ba da shawarar Ƙal'a. Tun da dare ya sa muka haɗa abin da za mu riƙe: fasfo, ko aƙalla kwafin shafin hoto da na biza, ruwan sha, hula ko lema, takalmi mai sauƙin cirewa, 'yan canji na fam ɗin Masar, da katin banki da ke aiki a can. Na tambaye shi me ya haɗa kati da zuwa kallon ganuwa. Ya ce, "Yaya, yanzu tagar tikiti ba ta karɓar tsabar kuɗi, sai kati." Wannan ita ce magana ta farko da nake so kowa ya riƙe. Tun 2023 manyan wuraren tarihi na Masar suka koma karɓar kuɗin shiga ta kati kawai, kuma a lokacin da muka je katunan naira na bankuna da yawa ba sa aiki a ƙasar waje. Wanda bai da katin dala, to ya tafi da wanda ke da katin bankin Masar ya biya masa, shi kuma ya ba shi tsaba. Ana kuma iya sayen tikitin ta intanet tun daga masauki.

Da safe muka kira mota ta Uber. Nan ma akwai abin lura. Ƙal'a tana da ƙofofi da dama, kuma wadda ta fi ɗaukar ido ita ce Babul Azab, mai manyan hasumiyoyi biyu, da ke kallon filin da masallacin Sultan Hasan yake. Wannan ƙofa a rufe take. Baƙi da yawa can ake sauke su, sai sun isa su tarar babu hanya, su sake neman mota ta zagaya da su, don zagayen ba na ƙafa ba ne, balle ga dattijo. Ƙofar da masu ziyara ke shiga tana ta bayan tudun, a kan titin Salah Salim, ɓangaren da ke fuskantar dutsen Muƙaɗɗam. Ƙanena, wato ɗan Kawu, ya gaya wa direba haka tun kafin mu tashi, ya kuma duba taswirar waya ya tabbatar can aka nufa. Daga titin mota takan hau wata 'yar gangara zuwa wurin ajiye motoci, nan ake sauka.

A tagar tikiti mun tarar da layi amma ba mai tsawo ba, domin motocin 'yan yawon buɗe ido ba su fara tururuwa ba tukuna. Allon farashi kashi biyu ne a lokacin: na Misirawa da Larabawa daban, na sauran baƙi daban, kuma tazarar da ke tsakani babba ce. Mu 'yan Najeriya da Nijar a layin baƙi muke, ko da mutum ya iya Larabci kamar ruwa. Fam 450 muka biya wa kowane babba, ɗalibi mai katin shaida kuma rabin haka. Kuɗin ya ƙaru bayan dawowarmu, saboda haka a bincika kafin a fita. Tikiti ɗaya ne ya ɗauki masallatai da gidajen tarihin da ke ciki, kada wani ya tare ka a ƙofar masallaci ya ce sai ka sake biya. Daga tagar sai wurin bincike: a ɗora jaka a na'ura, mutum ya bi ta ƙofar gano ƙarfe, wani jami'i ya tambayi ƙasarka. Da muka ce Najeriya sai ya yi murmushi ya ambaci ƙwallo, ya ba mu hanya. Ba a ɓata mana lokaci ba.

Bayan bincike ne aikin ƙafa ke farawa. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya amma mai hawa, ga katanga ta dutse ta tokare sama a gefenka. Akwai ƙananan motoci masu batir da ke ɗaukar mutane zuwa sama a biya, mun sa Kawu a ɗaya, ni da ƙanena muka taka. Ina ba duk mai iya tafiya shawarar ya taka, domin a nan ne za ka fara fahimtar wurin. Duwatsun katangar manya ne, wasu an sassaƙe su sumul, wasu an bar musu ƙusumbi a tsakiya, kuma kana gani ka san ba hannu ɗaya ya yi su ba. Salahuddin Yusuf ɗan Ayyuba, Bakurde haifaffen Tikrit, ya kawo ƙarshen daular Faɗimiyya a 1171, sannan a 1176 ya ba da umarnin a fara wannan gini. Abin da ke ransa shi ne ya zagaye Alƙahira da tsohon garin Fusɗaɗ da ganuwa ɗaya, Ƙal'a ta zama makullinta, saboda mayaƙan Salibiyya na Turai da suka riga suka kai wa Masar hari ba sau ɗaya ba, da kuma magoya bayan Faɗimiyya da ke cikin gari. Wanda ya tsaya a kan aikin shi ne amininsa Baha'uddin Ƙaraƙush. An kwaso wasu duwatsun daga ƙananan dalolin Giza, an kuma sa fursunonin yaƙi aikin sassaƙa da haƙa. Ana ba da labarin cewa kafin a zaɓi wurin sai da aka rataya ɗanyen nama a sassan gari, na kan tudun nan ya fi daɗewa bai lalace ba, aka gane iskarsa ta fi kyau. Labari ne na baka, amma iskar kam gaskiya ce, mun sha ta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Salahuddin bai taɓa zama a cikinta ba. Ya bar Masar a 1182 ya nufi Sham, ya ci yaƙin Hiɗɗin ya karɓo Ƙudus a 1187, ya rasu a Dimashƙa a 1193 ba tare da ya sake taka Alƙahira ba. Ɗan ɗan'uwansa, Al-Kamil, shi ya fara tarewa a nan wajen 1207. Daga lokacin har zuwa 1874, da Khidiwi Isma'il ya koma fadar Abidin a cikin gari, kusan duk mai mulkin Masar daga wannan tudu yake yi: Ayyubawa (gidan Salahuddin), Mamalik (bayin soja da suka zama sarakuna), gwamnonin Turkawa, da gidan Muhammadu Ali, wanda ya mulki Masar a ƙarni na 19. Faransawan Napoleon sun zauna a ciki, sojojin Ingila ma sun yi bariki a nan daga 1882 har 1946.

Da ka ƙarasa sama za ka fito wani fili, babban masallacin Muhammadu Ali a gefe guda, wani masallaci mai sauƙin gini, mai katanga kamar ta kurkuku, a ɗaya gefen. Kowa babban yake nufa. Mu ƙaramin muka fara shiga, kuma da zan sake zuwa haka zan sake yi. Masallacin Sarki An-Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun ne, an gina shi a 1318, aka faɗaɗa shi a 1335, kuma shi ne masallacin Juma'ar sarakunan Mamalik. Daga waje ba ya cewa komai. Kana cire takalmi ka shiga sai ka tarar da tsakar gida a buɗe, rumfuna sun kewaye ta, shiru kamar ba a tsakiyar birni mai mutum miliyoyi kake ba. Na tsaya ina duba ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, babu biyu da suka yi kama. Wani jan dutse ne mai kauri daga gine-ginen Fir'aunoni, wani farar marmara ce ta zamanin Rumawa, kawunansu kowanne da irin sassaƙarsa, wasu an yi musu ƙarin dutse a ƙasa don tsayinsu ya zo daidai da na sauran. Rufin katako ne, har yanzu ana ganin ragowar shuɗi da ruwan zinariya a cikin ramukansa. Ƙubbar da ke saman mihrabi koriya ce, kawunan hasumiyoyin biyu kuma an lulluɓe su da tangaran kore da shuɗi, irin aikin mutanen Farisa, abin da ba ka cika gani a Alƙahira ba. Bangon kuwa tsirara yake a wurare da yawa, domin bayan Turkawa sun ci Masar a 1517, Sarki Salim ya sa an ɓamɓare marmarar an tafi da ita Istanbul.

A nan muka zauna a inuwa Kawu ya huta, ƙanena ya ba mu labarin da ya sa na ce a fara da wannan masallaci. A 1324 Mansa Musa, sarkin Mali, ya sauka a Alƙahira kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji, da zinariyar da ta karya farashinta a kasuwannin Masar. Sarkin da ya karɓe shi shi ne wannan An-Nasir, kuma a kan wannan tudu aka yi ganawar. Al'adar fadar ita ce duk wanda ya zo gaban sarki ya faɗi ya sumbaci ƙasa. Mansa Musa ya ƙi. Da aka matsa, sai ya ce zai yi sujada ga Allah da ya halicce shi, ya yi, sannan ya matsa gaba, sarkin Masar ya miƙe ya tarbe shi ya zaunar da shi kusa da shi. Kawu ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ashe ƙafar mutanen ƙasashenmu ta daɗe da sanin wannan dutse." Ƙanena ya ce, "Sosai ma, Baba. Tun kafin Mansa Musa, sarakunan Kanem sun gina wa ɗalibansu da alhazansu makaranta da masauki a garin nan." Babu wani allo a wurin da ke faɗin wannan, kuma ban ji wani mai yi wa baƙi jagora ya ambata ba. In ba ka zo da saninka ba, haka za ka wuce.

Bayan masallacin ta kudu maso gabas akwai Rijiyar Yusuf. Mutanenmu da yawa suna jin sunan sai su ɗauka rijiyar da aka jefa Annabi Yusuf ce, har wasu masu neman na goro a wurin sukan bar su a kan haka. Ba ita ba ce, sunan Salahuddin ne Yusuf. Mun tarar da ita a kulle, kuma yawanci haka take, amma ta cancanci a san ta. Zurfinta ya kusa mita 90, wato wajen gaba 50, kuma cikin dutse aka fafe ta. Hawa biyu ce. An sassaƙa hanya mai zagaye tana gangarawa a jikin ramin sama, ta yadda ake kora shanu har tsakiyar rijiyar, su riƙa juya keken da ke jawo tukwane daga ƙasa zuwa wani tafki a tsakiya, wasu shanun a sama su jawo daga nan zuwa baki. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu haƙar rijiya ya san abin da wannan ke nufi. Ganuwa komai kaurinta, in babu ruwa a ciki, kwana kaɗan za a yi a buɗe wa maƙiyi ƙofa. Daga baya An-Nasir ya gina doguwar gadar ruwa daga Kogin Nilu, wadda har yau ana ganin bakunanta a cikin gari.

Sai muka tsallaka zuwa masallacin Muhammadu Ali. A ƙofa ko dai ka cire takalmi ka riƙe a hannu, ko ka sayi ledar da ake sa wa a kan takalmin da 'yan canji. Mata su rufe kai da jiki, wanda ga matanmu ba wani sabon abu ba ne. Farfajiyar shimfiɗe take da farin dutse, wurin alwala mai ƙubba a tsakiya, can gefe kuma hasumiyar agogon tagulla da sarkin Faransa Louis Philippe ya aiko a shekarun 1840, bayan Muhammadu Ali ya ba Faransa dogon ginshiƙin dutse na Luksor da ke tsaye a Paris har yau. An fara ginin a 1830, an yi shi ne a kan salon manyan masallatan Istanbul. Ciki kuwa dole ka ɗaga kai. Tsayin babbar ƙubbar mita 52 ne, ƙananan ƙubbobi sun tallafe ta ta kowane gefe, fitilu ɗaruruwa sun sauko a jere cikin da'ira, jan kafet ya rufe ƙasa. Na dafa bangon, dutsen yana da sanyi da santsi, da jijiyoyi masu ruwan zuma a cikinsa. Kabarin Muhammadu Ali, wanda ya rasu a 1849, yana hannun dama in ka shiga, a bayan wani shinge na tagulla. Nan muka yi sallar Azahar. Ina ba da shawarar a zo da alwala, don wurin kama ruwa yana da 'yar tazara, akwai layi, kuma mai kula da shi yana sa ran a ba shi wani abu.

Masallacin yana da kyau, ba mai musun haka. Amma zuciyata ba ta sake da shi kamar yadda ta sake da na An-Nasir ba, kuma dalilin yana ƙarƙashin ƙafarka. A wannan fili ne manyan fadojin Mamalik suke, har da babban zauren da sarakuna ke zaman shari'a da karɓar baƙi. Fashewar rumbun albarushi a 1824 ta lalata wasu, Muhammadu Ali ya rushe sauran ya ɗora masallacinsa a kai. Wato zaurukan da irin su Mansa Musa suka shiga, shi ya share su. Abin da ya rage sai 'yan kufai da aka tono a kusa da gidan tarihin 'yan sanda, da gindin wata hasumiya ta Sarki Baibars mai zanen zakuna a jikinta, wadda in ba a nuna maka ba ba za ka lura da ita ba.

Daga bayan masallacin akwai dandali mai kallon yamma, kuma nan ne kowa ke cincirindo. Kamar yadda mai hawa Dala ke ganin Kano a tafin hannunsa, haka Alƙahira take daga nan, sai dai ita ba ta da iyaka. A ƙasa dab da kai ga masallacin Sultan Hasan na ƙarni na 14 da na Rifa'i da aka kammala a 1912, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Can gaba ga na Ibn Ɗulun mai hasumiya mai matakala ta waje. In ƙura ba ta yi yawa ba ana hango dalolin Giza a ƙarshen gari, mu mun gan su dishi-dishi. Ƙanena ya nuna mana maƙabartar da ke kudu da gindin tudun, ya ce a can aka binne Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, malamin da ake karanta tafsirinsa a masallatanmu duk watan azumi, wanda kuma ya taɓa rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Kawu ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a daga nan inda muke tsaye. A wannan dandali ne masu ɗaukar hoto da masu sayar da tsaraba suka fi matsa wa mutum. Ba faɗa ake yi ba, ka ce "shukran" ka ci gaba da tafiya. Wanda ya ce zai yi maka jagora, ku yanke kuɗi tun kafin ya buɗe baki.

Fadar Jauhara, wadda Muhammadu Ali ya gina a 1814, mun same ta a rufe ana gyara. Muka wuce dandalin gidan tarihin 'yan sanda, inda igwar da ake bugawa lokacin buɗa baki da azumi take. Ka leƙa ƙasa daga nan za ka ga wani siririn lungu da aka fafe cikin dutse yana gangarawa zuwa Babul Azab, ƙofar nan da na ce a rufe take. Ranar 1 ga Maris 1811 Muhammadu Ali ya gayyaci shugabannin Mamalik bikin naɗa ɗansa Ɗusun jagoran rundunar da za ta tafi Hijaz. Aka ci aka sha, aka jeru za a sauka cikin gari. Da suka shiga wannan lungu a kan dawakansu sai aka rufe ƙofar ƙasa, sojoji suka buɗe musu wuta daga saman katanga ta kowane gefe. Ɗaruruwa aka kashe, aka bi sauran gida-gida a cikin gari. Lungun ba shi da faɗin da doki zai juya. Na tsaya ina kallonsa, jikina ya yi sanyi, domin mutanen nan baƙi ne da aka kira da sunan girmamawa. Mamalik ba waliyyai ba ne, su ma sun zubar da jini a kan wannan tudu, amma cin amanar baƙo abu ne da ba na iya samar wa uzuri, komai girman masallacin da aka gina daga baya.

A wannan gaɓa yawancin mutane ke juyawa, kuma Kawu ma ya ce ƙafarsa ta kai iyakarta. Muka samar masa kujera a wani wurin shan shayi da ke ciki, ƙanena ya zauna da shi, ni na ci gaba. Farashin shayi da ruwa a ciki ya ninka na gari, shi ya sa na ce a zo da ruwa. Ƙal'a kashi biyu ce: ɓangaren kudu na fadoji da masallatai, inda muka gama zagayawa, da ɓangaren arewa na sojoji. Ana shiga na arewa ta Babul Ƙulla, daura da masallacin An-Nasir. Abu na farko da za ka tarar shi ne gidan tarihin soja, a cikin fadar da Muhammadu Ali ya gina wa iyalinsa a 1827, da jiragen yaƙi da tankoki a farfajiya. Yana da girma ƙwarai, yana iya cinye maka awa guda, ni na leƙa na fito. In lokacinka kaɗan ne, ka bar shi sai ƙarshe. Ka miƙe gabas ta cikin filin har ka kai ƙaramin masallacin Sulaiman Basha na 1528, masallaci na farko da aka gina a Masar a kan salon Turkawa. Ɗan ƙarami ne, cikin ƙubbarsa cike da zane da rubutu, kuma ni kaɗai na samu a ciki sai mai gadi.

Gaba da shi kaɗan, a ƙuryar katanga, ga hasumiyoyi biyu, Burjur Ramla da Burjul Haddad, waɗanda aka buɗe wa masu ziyara a farkon 2024 bayan gyara. Nan ne Ƙal'ar Salahuddin ta gaskiya. Ya gina su ƙanana, daga baya a zamanin Al-Kamil aka yi musu riga da wani ginin mai kauri, har ta kai in ka shiga kana iya ganin tsohuwar hasumiyar a cikin sabuwar. Ciki duhu ne da sanyi, rufin dutse mai lanƙwasa, matakala ƙunci, sai mutum ɗaya. Na tsuguna a bakin wata kafar harbi. Ta ciki tana da faɗin da maharbi zai durƙusa ya ja baka ya juya dama da hagu, ta waje kuwa tsaga ce da ba ta fi tafin hannu ba. Ta cikin tsagar na hango motoci suna gudu a titin Salah Salim, a cikin kwarin da ke tsakanin Ƙal'a da dutsen Muƙaɗɗam, kwarin da aka ƙara fafewa da hannu don a raba tudun da dutsen. Daga saman hasumiyar kuma za ka ga raunin wurin da idonka: Muƙaɗɗam ya fi Ƙal'a tsayi. A zamanin kibiya da majaujawa wannan ba damuwa ba ce, amma da igwa ta zo, duk wanda ya hau can ya gama da na ƙasa. Shi ya sa Muhammadu Ali ya gina wani ƙaramin sansani a kan dutsen, ana hango shi daga nan. Babu kafet a wurin, babu fitila, babu mai sayar da komai, amma a nan na fi daɗewa.

Da na dawo wurin su Kawu La'asar ta kusa, ma'aikata sun fara nuna alamar tashi, don wajen ƙarfe 5 ake rufewa, da azumi kuma tun kafin haka. Ga abin da zan gaya wa duk mai shirin zuwa. Ya ware aƙalla awa 4, ya iso da safe kafin rana ta take, musamman daga Mayu zuwa Satumba, domin filayen ba su da inuwa kuma farin dutsen yana mayar da zafi a fuska. Da sanyi kuma, Disamba da Janairu, iskar saman tudun tana ratsa ƙashi, a riƙo rigar sanyi. Ranar Juma'a ana dakatar da masu kallo a masallatai lokacin salla, kuma ranar ce iyalan Misirawa suka fi cika wurin, wanda ke son natsuwa ya zaɓi tsakiyar mako. Mai ƙarfin ƙafa ya fara da masallacin An-Nasir, ya wuce kai tsaye ɓangaren arewa wurin hasumiyoyin tun da sauran ƙarfinsa, sannan ya dawo ya yi Azahar a masallacin Muhammadu Ali ya huta a dandali. Wanda ya zo da dattijo ko marar lafiya, ɓangaren kudu ya ishe shi, kuma a tambayi likita tukuna in an yi aiki kwanan nan, don ko da motar batir akwai tafiya da tsayuwa.

Wurin fita shi ne inda aka shigo. Masu tasi da ke jira a bakin ƙofa sukan faɗi kuɗi mai yawa, gara ka kira mota ta waya, wanda ke nufin kana buƙatar layin Masar mai data, shi kuma da fasfo ake sayensa. Ka sa direban ya hawo wurin ajiye motoci ya same ka, kada ka sauka bakin titin Salah Salim da tsoho, motoci a guje suke kuma babu wurin tsayawa. Wanda ke da sauran ƙarfi yana iya cewa a zagaya da shi masallacin Sultan Hasan da na Rifa'i a gindin tudun, amma tikitinsu daban ne, su ma da kati ake biya, kuma kusan lokaci ɗaya suke rufewa da Ƙal'a, don haka in La'asar ta yi maka a sama gara ka bar su sai wata rana.